Na'urar ajiya ta hannu ta ƙi tashi bayan an kai ta gida: daga ina za a fara?

Tambayar ta zo ne daga wani mai ɗaukar hoto da bidiyon biki a wani ƙauye na yankin Ringim, a Jigawa. Ga abin da ya rubuto:

"Na sayi na'urar ajiya ta hannu a Kano, irin wadda ake jona wa rauta, ake ce mata NAS. Gidan faifai huɗu gare ta, amma biyu ne a ciki. A shagon ta tashi lafiya lau, har na juye bidiyon biki uku a kanta, na goge katunan kyamara saboda ina da wani aiki ranar Asabar. Da na iso gida na jona, fitilar gaba tana ta ƙyaftawa, fanka tana juyawa, amma ba ta yi ƙarar nan da ta yi a shago ba, kwamfuta kuma ba ta ganin ta. Wani lokaci ma sai ta mutu ta sake kunna kanta. Sola da inbata muke amfani da su, da daddare kuma janareta. Gidan amarya ɗaya sun fara aiko min. Ta ƙone ke nan?"

Malam, sannu da wannan tashin hankali. Daga abin da ka bayyana ban ga alamar ƙonewa ba. Na'urar da ta ƙone tsit take yi, sau da yawa har da ƙauri. Taka tana yunƙurin tashi ne tana faɗuwa. Ko da ma ta ƙone ƙurmus, bidiyon mutane yana kan faifan ajiya biyun nan, wato had-dis, shi kuwa akwatin ƙaramar kwamfuta ce marar allo da ke yi musu hidima. Akwati ana iya sayen wani, bikin da aka riga aka watse kuwa ba a maimaita shi. Saboda haka duk abin da zan faɗa maka, faifan nan biyu ne a gaba.

Ka zare ta daga wuta yanzu, ka daina kunnawa da kashewa kana fatan ko za a dace. Duk lokacin da ta kunna ta mutu, faifan ya ɗauki gudu ne aka katse masa wuta a tsakiya, kuma wannan yana gajiyar da tsohon faifai. Ka zaro su biyun. Kafin ka ajiye, ka sami alƙalamin maka ka rubuta wa kowanne lambar gidan da ya fito, 1 da 2, don jerin yana da amfani daga baya. Ka sa su a durowa a kan tsumma mai tsabta, inda yara ba sa kaiwa. In lokacin hunturu ne, ka taɓa ƙarfen ƙofa ko taga kafin ka riƙe su, saboda ɗan tartsatsin nan da ke fita daga jiki in iska ta bushe ya isa ya lalata fanel ɗin da ke bayan faifai.

Yanzu ka kunna akwatin babu faifai ko ɗaya, ka jona wayar rauta, ka ba shi minti goma cur. Mutane da yawa a minti biyu suke yanke hukunci, alhali waɗannan na'urori nawa gare su wajen tashi. Mafi yawansu in lafiyarsu ƙalau za su tashi ko babu faifai: fitila ta daina ƙyaftawa ta tsaya, a ji ƙara ɗaya, tiit. In ka ji wannan ƙarar, fanel ɗin akwatin lafiya yake, matsalar tana tsakanin adafta da faifai. In ba ka ji ba, har yanzu adaftar ce ta farko a zargi, sai dai an ƙara mata abokan tuhuma.

Zan daɗe a kan adafta, don a shekarun da na yi ina wannan aiki ita ce ta fi kawo min irin wannan na'ura. Kayan hannu da ke shigowa ƙasar nan sau da yawa ba sa zuwa da adaftarsu ta asali. A shago akan gwada da wata babbar adafta da ke kan tebur kullum, in an yi ciniki sai a lalubo wata a kwali wadda bakinta ya shiga a haɗa maka. Ba lallai da mugun nufi ba, shi dai mai shago ya ga 12V a jiki ya ce ai shi ke nan. Ba ka faɗa min ko wadda aka gwada da ita ce ka taho da ita ba, kuma ina zargin ba ita ba ce.

Ka juya akwatin ka karanta takardar da ke manne a ƙasa ko a baya, za ka ga bolt nawa da amf nawa yake bukata. Sannan ka karanta jikin adaftar. Bolt dole ya zo daidai, kusan dukkansu 12 ne. Amf kuwa na adaftar ya kai abin da aka rubuta ko ya fi, in ya fi babu laifi, na'ura abin da take bukata kawai take ja. Mai gidan faifai biyu yawanci adaftarta amf 5 ce, wat 60 ke nan. Mai gida huɗu irin taka takan zo da ta wat 90 zuwa 120. Dalilin wannan girman shi ne babban faifai na inci 3.5, a daƙiƙun farko da yake ɗaukar gudu, yana jan kusan amf 2 shi kaɗai, in ya daidaita sai ya koma ƙasa da rabin haka. Faifai biyu da fanel da fanka, ka ga an doshi amf 5 ko 6 a lokaci guda. In adaftar rauta ko ta kyamarar tsaro aka ba ka, mai amf 2 ko 3, za ta kunna fitila, ta juya fanka, amma da faifai ya fara juyawa sai wutar ta durƙushe, na'urar ta mutu, adaftar ta farfaɗo, a sake daga farko. Wannan shi ne mutuwa da kunna kai da ka gani, kamar jakin da aka labta wa buhun da ya fi ƙarfinsa, ya miƙe ya gurfana.

Ko rubutun ya yi daidai, tsohuwar adafta tana iya gajiya. Kafasitocin cikinta suna bushewa da shekaru da zafi. In ka sa mita za ta nuna maka 12.1 ko 12.2 ka ɗauka lafiya take, saboda ba a ɗora mata kaya ba. Ga gwajin da nake yi a shago: ƙwan sigina na mota mai wat 21, na jona shi a bakin adaftar, na sa mita yana ci. Wannan ƙwan yana jan ƙasa da amf 2 kaɗan, kusan nauyin faifai ɗaya. In mita ta tsaya a kusa da 12, da sauran ƙarfinta. In ta zube zuwa 11 ko ƙasa, ko ƙwan yana ƙyaftawa, ta gama aiki. Duk mai gyaran rediyo ko mai haɗa sola a Ringim yana da mita, ƙwan kuma wurin masu wayarin mota za ka samu.

Wajen sayen wata, ka kula da baki. In zagayayye ne mai rami ɗaya, tsakiyar ce fozitib a kusan dukkansu, akwai ɗan zane a jikin takardar da ke nuna haka. In kuma mai ƙusoshi huɗu ne, a nan ake yin ɓarna, domin kamfanoni ba su haɗu a kan tsari ɗaya ba. Baki iri ɗaya, amma ƙusar da ke ɗauke da fozitib a wannan ita ce nagatib a wancan, wasu tsofaffin ma bolt 12 da bolt 5 suke bayarwa a baki ɗaya. Kada ka yarda da shigar baki kawai, a auna da mita a gwada da zanen.

Abu biyu ne nake roƙon kada ka yi. Na farko cajar laftof. Bakinta yakan shiga, amma bolt 19 take bayarwa. Bara wani yaro daga wajen Gumel ya zo min da akwati mai faifai biyu a cikin buhun shinkafa, tun kafin ya kwance bakin buhun na ji ƙauri. Adaftarsa ce ta ɓata, ya ɗauki cajar laftof ɗin yayansa ya soka. Fanel ɗin akwatin ya tafi. Faifan kuwa na juya bayansu, kusa da inda wuta ke shiga akwai wani ɗan baƙin dayod da bai kai ƙwayar wake ba, aikinsa in wuta ta yi yawa ya haɗe layin don ya tsare sauran. Na ɗora mita a kansa ta yi kuka. Na ɗauke shi da kan ayan mai zafi, na ba faifan wuta mai kyau, muka kasa kunne ni da yaron, sai ga shi ya ɗauki gudu sumul. Mun kwashe kayansa a daren. Sa'a ya yi, na ga waɗanda wutar ta tsallake dayod ɗin ta cinye komai.

Na biyu, jona ta kai tsaye a batirin sola. Na san dabarar tana da jan hankali a ƙauye: na'ura bolt 12, batir bolt 12, me zai sa a bi ta inbata ana asarar wuta? Sunan batirin ne 12. In ya cika yana kusan 12.7, da rana kuma yana caji yakan kai 14.4. Faifai ba ya jure abin da ya wuce kashi 10 cikin 100 sama da 12, kuma a yawancin waɗannan akwatuna wutar da ta shigo ita ke wucewa ga faifan kai tsaye. Fanka da ƙwan DC sun jure wannan, faifai ba zai jure ba. In dole sai an yi, a sa na'urar daidaita wuta a tsakani mai fitar da 12 cif.

Wutar gidanka ma a duba ta. Adaftocin nan suna karɓar daga bolt 100 zuwa 240, don haka ƙarancin wuta kaɗan ba ya damunsu. Abin da ke damunsu shi ne faɗuwar farat ɗaya, lokacin da firiza ko famfon burtsatse ya tashi a layi ɗaya da su, ko ƙaramin janareta ya yi tari mai ya kusa ƙarewa. Ka yi gwajin da rana tsaka, batir a cike, a kan inbata, an kashe duk wani abu mai nauyi. Ka soka a soket ɗin bango, ka bar doguwar wayar nan mai baki shida da ta sha ɗauri da salatif.

Hanya mafi arha ta raba gardama ita ce ka ɗauki akwatin kaɗai da adaftar da aka ba ka ka koma shagon, faifan suna gida. Ka ce a gwada da taka a gabanka, sannan a gwada da ta teburinsu. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, gaskiya ne, kayan hannu ba a yi musu rantsuwa, amma adaftar da ta dace haƙƙinka ce a cikin kuɗin da ka biya.

To a ce adafta ta fita daga zargi, akwatin kuma babu faifai bai yi ƙara ba. Ka tuna tafiyar da ya yi: mota daga Kano, wataƙila kuma bayan babur a hanyar burji. Girgiza tana sassauta abubuwa. Ka zare wuta, ka danne maɓallin kunnawa na daƙiƙa goma don sauran wutar ta fita, ka buɗe. Idan RAM ɗinsa, wato katin ƙwaƙwalwar wucin gadi, irin na laftof ne da ake cirewa, ka buɗe 'yan ƙarafan gefe ya ɗago, ka goge haƙoransa na ruwan zinare da robar goge fensir, ka mayar har ka ji ƙas. In guda biyu ne ka gwada da ɗaya ɗaya. Masu sayar da kayan hannu kan ƙara RAM don kaya ya yi daraja, wani lokaci kuma wanda aka ƙara bai jitu da fanel ɗin ba. Akwai kuma ɗan batir mai kamar kwabo a kan fanel, wasu CR2032, wasu CR1220. Ya kamata mita ta nuna bolt 3. Akwatin da ya shekara biyu ko uku a sito batirinsa yakan mutu, kuma akwai samfuran da ke ƙin tashi saboda wannan kaɗai. Masu gyaran agogo suna sayar da shi.

Tunda ka buɗe, ka hure ƙura da bulowa, kana riƙe da fankar da yatsa don kada ta yi gudun da ya fi ƙarfinta. Ka leƙa lungu da fitila. Na taɓa ciro gidan zanzaro guda, busasshen laka har da tsutsa a ciki, daga bayan fankar irin wannan na'ura, kyankyasai da tsaka kuwa ba a magana. Ka duba kafasitoci, masu kamar ƙananan gwangwani a tsaye: kansu a shafe ya kamata ya kasance, wanda ya kumbura ko ya yi tsatsa a sama ya mutu, mai gyaran talabijin zai canja shi.

Akwai wata cuta da ba ruwanta da ƙura ko adafta, shi ya sa na so a ce ka turo lambar samfurin. A farkon 2017 ya bayyana cewa ƙwaƙwalwar Intel ta jerin Atom C2000 tana da lahani: wata sigina da take bayarwa don fanel ya tashi tana raunana bayan an daɗe ana aiki da ita, har ranar da za a kashe na'ura ta ƙi dawowa. Synology DS415+ da DS1515+ da DS1815+ suna ɗauke da ita, har kamfanin ya ƙara musu shekara ɗaya a kan garanti. An ga makamancin haka a wasu na QNAP masu Celeron J1900, irin TS-251+ da TS-451+. Alamar ita ce fanka tana juyawa, fitila tana ƙyaftawa ko ta maƙale, babu ƙara, ko da faifai ko babu. Irin waɗannan sun cika kasuwar kayan hannu, don masu su a Turai da Amurka sun sauya. Masu gyara sun gano cewa resista ɗaya mai om 100, in aka liƙa ta a ƙusoshin da suka dace, tana tashin mafi yawansu. Wurin liƙawar ya bambanta daga samfuri zuwa samfuri, don haka aikin mai hannu ne, irin masu gyaran fanel ɗin waya a Farm Centre ko masu kwamfuta a Beirut Road, duka a Kano, kuma ka sa ya nemo hoton samfurinka tukuna. Ni dai ba na ɗaukar wannan gyara a matsayin warkewa. Yana ba ka lokaci ka kwashe kayanka, wani ya yi shekara, wani ya fi, amma lahanin yana nan cikin ƙwaƙwalwar.

In kuwa akwatin ya tashi babu faifai, da adafta mai kyau, kada ka yi abin da kowa ke yi na sa faifai ɗaya ka gani, ka cire ka sa ɗayan. In an haɗa su ne a tsarin da kowanne ke kwafin ɗan'uwansa, wanda ake kira RAID 1, tashi da ɗaya yana sa na'urar ta ɗauka ɗayan ya mutu, su rabu, gyaran ya ƙara tsawo. Ka mayar da su tare, kowanne a gidansa, ka tura har ƙarshe, don girgizar hanya tana iya zame su daga soket. Ka kasa kunne. Lafiyayyen faifai yana ɗaukar gudu ne a hankali ya daidaita, sai 'yar ƙaramar ƙaraf ƙaraf. In ka ji ƙwas, ƙwas, ƙwas a jere yana tsayawa yana sakewa, ko ka ji yana ƙugi bai juya ba, kashe nan take. In akwatin kake son gwadawa, ka nemi wani tsohon faifai da babu komai mai amfani a kansa, don za a goge shi.

Wataƙila kuma ta yi ƙarar, fitila ta tsaya, kwamfuta dai ba ta gan ta ba. Wannan ba ciwo ba ne, ɓatan adireshi ne. Na'urar tana bukatar rauta mai ramin waya, ƙaramin MiFi na aljihu da hotsifot na waya ba za su yi ba. Ka duba 'yan fitilun da ke ramin wayar a baya, in ba sa ci ka canja waya. Mai ita na da yana iya kafe mata adireshi, misali 192.168.1.50, rautarka kuma tana rabon 192.168.8 ko 192.168.0, sai su zauna ɗaki ɗaya ba sa jin juna. Manhajar Synology Assistant, ko Qfinder Pro in QNAP ce, tana lalubo ta ko adireshin bai dace ba. Akwai kuma ɗan ramin risetin a baya. A Synology ka danna da tsinke kamar daƙiƙa 4 har ka ji ƙara ka saki, a QNAP daƙiƙa 3. Wannan yana mayar da adireshi da kalmar sirrin mai gida yadda suke tun farko, bai taɓa bidiyonka. Kada ka zarce, kada ka maimaita a jere, don wannan wani mataki ne daban mai goge saituna. In wani kamfani ne, kada ka danna sai ka tabbatar da abin da nasu ke yi.

A ƙarshe in akwatin ya ƙi ƙememe, bidiyon yana fitowa ba tare da shi ba. Sai dai a nan ne ake zuwa neman gira a rasa ido. Waɗannan na'urori Linux ne a cikinsu, tsarin rubutunsu ext4 ne ko Btrfs, Windows ba ta karanta shi. Da ka jona faifan a kwamfuta za ta fito da saƙo tana neman a yi fomatin, wato a goge komai, ko a shirya faifan. Amsar a'a ce, kowane lokaci. Ka faɗa wa duk wanda za ka kai wa wannan tun kafin ya karɓa, ka kuma tsaya a kansa, don hannun wasu yaran shago ya saba da danna eh. Abin da ake yi shi ne a jona faifan biyu a kwamfutar tebur, a tashe ta da Ubuntu, wani nau'in Linux, daga filashi, a sa manhajojin mdadm da lvm2, a haɗa su, a buɗe a yanayin karatu kawai, a kwafe zuwa wani faifai na uku. In RAID 1 ne, ko ɗaya ya mutu ɗayan yana da komai. In RAID 0 ne, wanda ake raba kowane fayil tsakanin biyun don a sami wuri da yawa, sai dukkansu suna da rai. Ka tuna girman da ka gani a shago: in faifan terabayit 4 ne kowanne ka ga wuri kusan 4, kwafi ne, in ka ga kusan 8, ba kwafi ba ne.

Katunan kyamarar nan ma kada ka raina su. Gogewa ba ta share bidiyo nan take, sai an ɗauki wani a kansa. In akwai wanda ba ka yi aikin Asabar da shi ba, ka ware shi, manhaja irin PhotoRec tana iya dawo da abin da ke ciki. Ka ari kati ko ka sayi sabo don aikin da ke gabanka.

Ranar da ta tashi, kafin ka kira kowa ka yi albishir, ka kwafe bikin nan uku zuwa wani wuri. Sannan ka shiga shafin lafiyar faifai ka duba awannin da suka yi suna aiki. Shekara ɗaya awa 8,760 ce, in ka ga 40,000 ka san faifan ya haura shekara huɗu da rabi yana juyawa. Ka sama mata ƙaramin UPS saboda sauyin inbata zuwa janareta, ka ɗora ta a kan tebur inda iska ke ratsawa, don yawancinsu zafin digiri 40 ne iyakarsu, ɗakin kwano kuma a watan Afrilu a Jigawa ka san yadda yake.

Ka turo min hoton takardar ƙasan akwatin da ta jikin adaftar, da abin da mita ta nuna lokacin da ƙwan motar ke ci, da kuma ko ka ji ƙarar da ka kunna babu faifai. Gidan amarya kuwa ka je da kanka ka ce a ƙara maka mako ɗaya.